GYARAN KAN INJI A TAMANRASSET: ABIN DA YA KAMATA FALKE YA SANI KAFIN YA BIYA KUƊI

'Yan uwa fatake, duk wanda ya taɓa loda dabbobi a mota ya san cewa ba a kara ciniki yake ƙarewa ba. Ciniki yana ƙarewa ne ranar da dabba ta sauko da ƙafafunta a kasuwar da aka nufa. Tsakanin kara da waccan kasuwa kuwa, dukiyar mutum gaba ɗaya tana rataye ne a wuyan inji. Idan motar dabino ko ta gishiri ta lalace a daji, kaya suna iya jiran mako guda ba su ce uffan ba. Dabba ba ta da wannan haƙuri. Babban sa yana iya shan lita 40 na ruwa ko fiye a rana ɗaya lokacin zafi, ga shi a cunkushe cikin bodi, ba inuwa, ba wurin kwanciya. Kwana biyu a haka sun isa su cinye ribar tafiya, na uku ya shiga uwar kuɗi.

Saboda haka a wannan fitowa muka ga ya dace mu yi bayani a kan wani sashe na inji wanda shi ne ya fi tsayar da tsofaffin motoci a hanyar hamada, wato kan inji. Makanikan Kano da Katsina suna ce masa tof silinda, na Nijar da Aljeriya kuma suna kiransa kulas, daga Faransanci. Mun ɗauki garin Tamanrasset ne domin a can hanya ta fi gwada inji, kuma a can makaniki ya fi nisa da kantin sabon kaya.

GARIN DA HANYARSA

Tamanrasset, ko Tam kamar yadda direbobi ke taƙaita sunan, shi ne babban birnin ƙasar duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya. Daga can zuwa Aljiyas, babban birnin ƙasar, tafiyar kimanin kilomita 1,900 ce. Zuwa In Gezam, garin bakin iyaka da Nijar, kimanin kilomita 400. Daga nan sai Asamaka, sai Arlit, sai Agadas, har a gangaro Damagaram da Kano. Wannan ita ce hanyar da aka tsara ta haɗa Aljiyas da Legas, kuma kwalta ta iso Tam daga arewa tun 1978.

Alaƙar garin da ƙasar Hausa ba sabuwa ba ce. Ana jin Hausa a kasuwa, kuma gasasshen naman da garin ya yi suna da shi ma "mainama" suke ce masa, ka ga ba sai an faɗa maka inda kalmar ta fito ba. Akwai kuma kasuwar baje kolin Assihar, inda 'yan kasuwar Aljeriya da Nijar da Mali ke haɗuwa. A 1994 gwamnatin Aljeriya ta kafa dokar cinikin musaya tsakanin jihohinta na kudu da Nijar da Mali, aka sabunta ta a 2020. A irin wannan ciniki dabino da gishiri suke gangarowa kudu, dabbobi a raye da lalle da kayan yaji su hau arewa. Dokokin iyaka kan canja daga lokaci zuwa lokaci, don haka falke ya riƙa tambaya kafin ya yi lodi.

To, abin da ya shafi inji a nan shi ne tudu. Tam tana kan tsayin kusan mita 1,400 daga doron teku, In Gezam kuwa kimanin mita 400. Ma'ana, motar da ta ɗauko dabbobi daga iyaka tana hawan kusan mita 1,000 kafin ta shiga gari, da cikakken lodi a bayanta. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da ya hau, saboda iska tana raguwa. Sai direba ya ƙara taka totur, inji ya ƙara zafi. Bugu da ƙari, ruwan da ke tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Tam yana tafasa ne a wajen digiri 95. Ƙarfi ya ragu, ruwa kuma ya fi saurin tafasa. Nan ne kan inji yake shan wahala.

TSOFAFFIN MOTOCIN HAMADA

Dalilin da ya sa aikin tsohon inji ya zauna a hannun makanikan wannan yanki yana cikin tarihin hanyar. Kamfanin Berliet na Faransa ya buɗe masana'antar haɗa manyan motoci a Rouiba, kusa da Aljiyas, a 1957. Daga baya ta koma hannun kamfanin gwamnati Sonacome, wanda daga cikinsa aka fitar da SNVI a 1981. Da yawa daga cikin gingimarin Sonacome injin Deutz gare su, wanda iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba.

A ɓangaren ƙananan motoci kuwa, Peugeot 404 da 504, waɗanda muke kira Fijo, su ne suka cika hanya. A shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa tuƙo tsofaffin Fijo daga Faransa su ratsa ta Tam su sayar a Nijar da maƙwabtanta, har sai da rashin zaman lafiya na farkon shekarun 1990 ya tsayar da wannan kasuwa. Gasar tseren Paris zuwa Dakar ta farko ma, wadda ta tashi a ƙarshen Disamban 1978, ta bi ta Tam zuwa Agadas. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta sama da shekaru 20 bayan haka. Shi ya sa kayan Fijo suka fi sauƙin samu a wajenmu fiye da ƙasar da ta ƙirƙiro ta. Sai kuma Toyota Land Cruiser mai injin gas 2H, da 1HZ da ya gaje shi a 1990, da Marsandi 911 mai injin OM352 wadda kowane falken shanu ya sani.

Waɗannan injuna duk an yi su ne don a kwance a gyara a mayar. Ba kwamfuta a jikinsu, sai ƙarfe da noti. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an san yadda ake riƙon ta.

MENE NE AIKIN KAN INJI?

Kan inji shi ne murfin da ke rufe saman silindoji. A ƙarƙashinsa mai yake ƙonewa. A cikinsa akwai bawul masu shigar da iska da masu fitar da hayaƙi, akwai mazaunin bawul, akwai bututun da sandar bawul ke hawa da sauka a ciki, akwai ramin fulogi ko na nozul, sannan akwai hanyoyin ruwa da na baƙin mai. Tsakaninsa da gangar inji akwai gasket, wanda aikinsa shi ne raba abubuwa uku da ba a son su haɗu: wuta, ruwa da baƙin mai.

Kai iri biyu ne. Akwai na baƙin ƙarfen zubi, irin na Land Cruiser mai gas da na Marsandi 911. Akwai na alminiyam, wato goran ruwa, irin na Fijo 504. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan aka ɗaure shi a kan gangar baƙin ƙarfe sannan inji ya tafasa, sai ya nemi wurin miƙewa ya rasa, sai ya lanƙwashe. Baƙin ƙarfe ya fi jure lanƙwasa, amma shi kuma tsagewa yake yi, musamman idan aka kwara masa ruwan sanyi yana cikin zafi.

Abubuwan da ke kai inji ga tafasa a wannan hanya sanannu ne. Ruwan rijiya mai gishiri da kanwa yana barin farin dasƙare a cikin lagireto da hanyoyin ruwa, kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, sai zafi ya kasa fita. Murfin lagireto da ya mutu ba ya riƙe matsi, alhali murfi mai lafiya yana ɗaga tafasar ruwa zuwa sama da digiri 110. Fanbel ya saki, ko ƙura da gashin dabbobi su toshe fuskar lagireto. A injin Deutz kuwa, ƙura da maiƙo ne suke cika tsakanin fika-fikan silinda, iska ta kasa ratsawa.

ALAMOMIN DA BA A RAINAWA

Alhaji mai mota, ba sai ka zama makaniki ba kafin ka gane waɗannan. Ruwa yana raguwa kullum amma ba a ga inda yake ɗiga ba. Farin hayaƙi mai tururi yana fita daga salansa ko bayan inji ya ɗumama. An buɗe murfin lagireto da safe, inji yana sanyi, an tayar, sai ga kumfa yana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Tiyon ruwa ya yi tauri kamar an hura masa iska jim kaɗan da tayar da mota. Ko kuma shuɗin hayaƙi da safe da kuma lokacin gangara, wanda ke nuna bututun bawul ko robobinsu sun gaji, mai yana sauka cikin silinda.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan a Agadas ko a Tam, to, ya tsaya a nan ya gyara. Kada ya ce bari a kai dabbobi tukuna. Tsakanin Arlit da Tam ba wurin gwaji ba ne.

YADDA AKE AIKIN, MATAKI-MATAKI

Na farko, kwancewa. Ba a kwance kai sai inji ya huce sarai. Ana sassauta notuna ne daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, ba a zare ɗaya gaba ɗaya a bar sauran a ɗaure ba. Kowane bawul da sifirin ɗinsa a jera su a kwali da lamba, domin kowanne ya riga ya saba da mazauninsa. Masu Fijo 504 mai fetur su lura: hannun rigar silinda na wannan inji a cikin ruwa suke zaune, idan aka juya inji bayan an cire kai ba tare da an danne su ba, za su ɗaga, abin da ke toshe ƙasansu ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Ƙaramin aiki ya zama babba.

Na biyu, wanki. A kankare baƙin gawayi da tsohon gasket, a wanke hanyoyin ruwa da na mai. A kan alminiyam ba a sa kurfi ko burushin ƙarfe mai kaifi, domin ƙarzanen da ido ke rainawa shi ne hanyar da wuta za ta bi.

Na uku, neman tsaga, kuma wannan shi ne matakin da masu gaggawa suka fi tsallakewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsaga ta fi fitowa a siririn wurin da ke tsakanin mazaunin bawul biyu, ko kusa da ramin fulogi, ko a bakin ƙaramin ɗakin ƙonewa na injunan gas irin 2H da 1HZ da Fijo mai gas. Hanya mafi inganci ita ce a toshe ƙofofin ruwa, a hura iska da matsi, a tsoma kan cikin ruwan ɗumi, duk inda kumfa ya fito nan ne ɓarakar. Akwai kuma jan ruwan gwaji da ake fesawa a goge, sannan a fesa fari, tsagar ta fito ja. Inda babu waɗannan, tsofaffin makanikai suna jiƙa wurin da kananzir, su goge, su shafa alli, kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsaga sai ya fito ya ɓata allin.

Na huɗu, awon lanƙwasa. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, sannan a zura siraran ganyen awo a ƙarƙashi. A injuna da yawa abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.10 ba, wato kimanin kaurin gashin kai ɗaya. Ido ba ya ganin wannan. Duk makanikin da ya ɗaga kai ya hanga da ido ya ce lafiya lau, to, bai auna ba.

Na biyar, shafe fuska. Idan lanƙwasar ta wuce iyaka sai a kai wa mai injin shafewa ya ɗebe kaɗan har fuska ta daidaita. A nan ma akwai iyaka, kowane inji da mafi ƙarancin kaurin da littafinsa ya yarda. A injin fetur, yawan ɗiba yana ƙara matsi, inji ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A injin gas kuwa tazarar da ke tsakanin fistan da bawul ƙarama ce ƙwarai, idan aka shafe fuska dole a sake auna zurfin bawul a nutsar da su daidai, in ba haka ba fistan ya doke su. Goga kai a kan siminti ko dutsen niƙa ba shafewa ba ce, ɓarna ce.

Na shida, bawul da mazauninsu. A fara da bututun bawul, domin idan sanda tana rawa a ciki, duk gyaran da aka yi wa mazauni ba zai zauna ba. Idan ya buɗe a canja shi. Daga nan a yanke mazauni a kusurwarsa, yawanci digiri 45, wasu 30. Sai girandin da man goge bawul, mai kaushi da farko, mai laushi daga baya, har siririn zobe mai toka-toka ya zagaye bakin bawul ba yankewa. Bawul ɗin da ya ƙone ko bakinsa ya yi kaifi kamar wuƙa, a yar da shi. A auna tsawon sifirin, a sa sababbin robobi. Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne, kuma mai mota yana iya tsayawa ya gani da idonsa: a haɗa bawul, a zuba kananzir a ƙofar iska da ta hayaƙi, a jira 'yan mintoci. Idan ya tsattsafo ta bakin bawul, aiki bai yi ba.

Na bakwai, ɗaurawa. Sabon gasket kawai, ba a mayar da tsoho, kuma a wasu injunan gas kaurinsa ya danganta da yadda fistan ya ɗago sama da ganga. A share ramukan noti, kada a bar ruwa ko mai a ciki, domin yana iya fasa ganga. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, hawa biyu ko uku, da sufana mai awo, gwargwadon lambar littafi. Ƙarfin damtsen yaron gareji da dogon bututu ba ma'auni ba ne. A ƙarshe a saita tazarar bawul. Tsofaffin injuna da yawa suna bukatar a sake bin notunan kai da saitin bawul bayan kimanin kilomita 1,000.

Injin Deutz nasa ya bambanta kaɗan. Kowace silinda da nata kai, don haka idan ɗaya ya lalace shi kaɗai ake cirewa, wanda hakan babban sauƙi ne a daji.

BATUN FETUR MARAR DALMA

Ga wani abu da masu tsofaffin motocin fetur ya kamata su sani. A da ana zuba sinadarin dalma a fetur, kuma duk da cutar da yake yi wa lafiyar mutane, yana barin wani shafi a mazaunin bawul da ke hana shi cinyewa. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun bar irin wannan fetur tun farkon 2006. Aljeriya ita ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar da shi, a watan Yulin 2021, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shelar haka a ƙarshen watan Agustan shekarar.

Tsohon kai na baƙin ƙarfe, wanda aka yanke mazaunin bawul a jikinsa kai tsaye, irin na tsofaffin Land Rover masu fetur, yana iya cinyewa a hankali idan ana doguwar tafiya da lodi. Alamar ita ce tazarar bawul ɗin hayaƙi tana rufewa kullum bayan an saita. Haka abin yake ga motar da aka mayar ta gas ɗin tukunya, wanda a Aljeriya ake sayarwa da sunan Sirghaz. Maganin shi ne, tunda an riga an sauke kai, a sa masa zoben mazauni mai tauri a gefen hayaƙi. Kan alminiyam dama da zobensa yake zuwa. Injin gas kuwa wannan magana ba ta shafe shi ba.

A GYARA KO A CANJA?

Lanƙwasa kaɗan, bawul da ya ƙone, bututun da ya buɗe, duk waɗannan gyara ne. Tsagar da ta ratsa zuwa hanyar ruwa kuwa magana ce daban. Ana yi wa alminiyam walda idan an sami gwani mai kayan aiki. Baƙin ƙarfe sai an gasa shi gaba ɗaya kafin walda, a bar shi ya huce a hankali, in ba haka ba ya sake tsagewa a gefen ɗinkin. Motar da ke yawo cikin gari tana iya lallaɓawa da kai mai walda. Wadda za ta ɗauki dabbobin miliyoyi ta ratsa hamada, gara a nemo mata wani. Kuma kan da aka sayo na hannu, ko da daga Kano ko Aljiyas aka kawo shi, a yi masa gwajin tsaga da awon lanƙwasa kafin a biya. Araha ba ta ado.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi muhimmanci: kan inji ba ya lalacewa haka kawai, wani abu ne ya dafa shi. Idan aka gyara kai aka bar lagireto a toshe, ko famfon ruwa yana yoyo, ko nozul yana ɗigar da mai, to, an sayi tikitin komawa gareji ne. A wanke lagireto, a canja murfinsa, a duba fanbel da tiyo, a zuba ruwa mai tsabta da maganin lagireto, wanda ke hana tsatsa kuma yake kare inji a daren hunturun Ahaggar inda sanyi kan kai ga ƙanƙara.

Shawararmu ga mai ɗaukar hayar mota ita ce, kafin a daidaita kuɗi ya tambayi direba yaushe aka sauke kai, me ya jawo, kuma an sake bin notuna ko ba a bi ba. Ya tsaya a tayar da inji a gabansa da safe. Kada motar da ta fito daga gyara jiya ta zama ita ce za ta ɗauki dabbobinsa yau, a bari ta yi gajeriyar tafiya tukuna. A riƙe gasket na ajiya, da fanbel, da tiyo, da ruwan mota dabam da na dabbobi. A yi hawan tudu da sanyin asuba ko da dare. Idan allurar zafi ta tashi, a tsaya, a juya gaban mota wajen iska, kada a buɗe murfi, kada a kwara ruwan sanyi, a ba inji lokaci ya huce.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.